Hawan jinin da tsukewar jijiyar ƙoda ke haddasawa: ƙwayoyi, buɗe jijiya, ko tiyata?

Akwai irin majinyacin da yakan fito daga ɗakin likita riƙe da ƙaton ambulan mai ɗauke da hoton jijiyoyinsa, ya nemi benci ya zauna yana jujjuya shi, domin yanzun nan aka nuna masa da bakin biro inda jijiyar da ke kai jini ƙodarsa ta tsuke kamar an ɗaure ta da zare. Ya yi shekaru yana haɗiyar ƙwayoyi kala uku kowace safiya, amma duk lokacin da aka ɗaura masa ma'auni a dantse sai a ga 170 bisa 100 ko sama da haka. Yanzu da aka gano musabbabin, zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci cewa tunda toshewa ce, sai a buɗe kawai a huta. Wani ɗan uwa yana ba da shawarar a tafi Indiya ko Masar, wani yana cewa a sayar da fili a yi aikin a Abuja, likitan kuma ya ce a ƙara ƙwaya ɗaya a dawo bayan mako biyu da sakamakon gwajin jini, maganar da ta yi wa iyalin kama da rashin ɗaukar ciwon da muhimmanci.

Wannan rubutu domin mai irin wannan ruɗani aka yi shi. Abin da nake son ya tabbata a zuciyar mai karatu shi ne, hoton tsukewa kaɗai bai isa ya zaɓa wa mutum magani ba. Abin da ya jawo tsukewar, da halin da ita ƙodar take ciki, su ne ke nuna hanyar da ta dace.

Yadda ƙoda ke tayar da jini

Ƙodoji biyu na karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa, kuma suna auna ƙarfin shigarsa a kowane lokaci. Idan jijiyar da ke shayar da ɗaya daga cikinsu ta tsuke, ƙodar takan ɗauka cewa jinin jiki gaba ɗaya ne ya yi ƙasa, sai ta saki wani sinadari mai suna renin. Shi kuma ya tayar da anjiyotensin, wanda ke matse jijiyoyin jiki, da aldosteron, wanda ke sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Ƙodar tana neman ceton kanta ne, amma zuciya da ƙwaƙwalwa da idanu su ke ɗanɗana kuɗarsu. Wani likita a Amurka, Harry Goldblatt, shi ya tabbatar da wannan a shekarar 1934, lokacin da ya matse jijiyar ƙodar karnuka da ɗan maƙalin ƙarfe, ya ga jininsu ya hau ya zauna a sama.

Ma'aunan da za a duba kafin zaɓi

Ma'auni na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne sanin irin tsukewar. Kimanin kashi 90 cikin 100 na masu wannan matsala, kitse ne ya taru a bangon jijiya ya sa ta yi tauri, kuma yawanci a bakin jijiyar ne, daidai inda ta rabu da babbar jijiyar da ta gangaro daga zuciya. Wannan ciwon manya ne, waɗanda suka haura shekara 55, musamman masu shan taba da masu ciwon suga, kuma da wuya a same shi a ƙoda kaɗai, domin jijiyoyin zuciya da na wuya da na ƙafafu sukan kasance sun kamu su ma. Mafi yawan ragowar kashi 10 kuwa wata cuta ce da likitoci ke taƙaita sunanta da FMD, inda bangon jijiyar ne da kansa ya yi girma ba bisa tsari ba. Ta fi kama mata, sau da yawa masu ƙuruciya ko matsakaitan shekaru, tana zama a tsakiyar jijiyar ko can kusa da ƙoda, kuma a hoto takan fito tamkar 'ya'yan carbi a jere, kumburi da tsukewa suna bin juna. Akwai kuma cutar Takayasu, mai kumbura bangon manyan jijiyoyi, wadda ita ma 'yan mata da matasan mata ta fi kamawa.

Na biyu shi ne halin ƙodar. Ƙodar baligi mai lafiya tsawonta yakan kai santimita 10 zuwa 12. Idan ta daɗe cikin ƙishin jini har ta motse ta koma ƙasa da santimita 7 ko 8, to naman da ke tace jini ya riga ya zama tabo, kuma ko an buɗe mata hanya babu abin kirki da zai dawo. Dole kuma a san ko gefe ɗaya ne ya tsuke ko duka biyun, ko kuwa mutum ƙoda ɗaya ce ke masa aiki, saboda wannan yana canza lissafin haɗarin magunguna. Girman tsukewar ma abin dubawa ne, domin wadda ba ta kai rabin faɗin jijiya ba da wuya ta zama ita ce ke tayar da jini, wadda ta haura kashi 70 cikin 100 kuwa ita ake zargi sosai, abin da ke tsakani kuma sai an auna bambancin ƙarfin jini gaba da bayan tsukewar.

Bayan waɗannan sai ma'aunan da kowane iyali ke tambaya a kai: nawa za a kashe, tsawon wane lokaci amfanin zai ɗore, yaya sauƙin samun aikin da jure shi, da kuma wace irin illa ce ka iya biyo baya. A kan waɗannan huɗun za a ɗora kowane zaɓi.

Zaɓi na farko: ƙwayoyi da gyaran rayuwa

Mutane da dama suna raina wannan hanya, suna ganin kamar ita ce abin da ake bai wa wanda ba shi da kuɗin aiki. Wannan kuskure ne babba, domin duk wanda kitse ya tsuke masa jijiya, ko an sa masa ƙarfen da ke tokare jijiyar ta zauna a buɗe ko an yi masa tiyata, ba zai rabu da ƙwayoyi ba, kuma su ne ke kare shi daga abin da ya fi yawan hallaka masu wannan ciwo, wato bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, waɗanda sukan riski mutum tun kafin ƙodarsa ta kai ga buƙatar wanki.

Ginshiƙin maganin shi ne ƙwayoyin da ke toshe hanyar anjiyotensin, irin su lisinopril da ramipril, ko 'yan uwansu losartan da candesartan. An san cewa a hawan jini na gama-gari waɗannan ƙwayoyi su kaɗai ba su cika yin ƙarfi a jikin baƙar fata ba, shi ya sa likitocinmu suka fi farawa da amlodipine, kuma binciken CREOLE da aka gudanar a ƙasashe shida na Afirka aka wallafa a 2019 ya nuna cewa haɗin da ke ɗauke da amlodipine ya fi sauke jini. Amma a tsukewar jijiyar ƙoda renin ne ke tuƙa ciwon, don haka maganin da ke tare masa hanya yana bugun matsalar a tushenta. Yawanci akan haɗa shi da amlodipine da ƙwayar da ke sa fitsari, sannan a ƙara maganin rage kitsen jini kamar atorvastatin, da ƙaramar asfirin idan likita ya ga babu haɗarin zubar jini.

Sai dai a nan ne ake buƙatar kula ta musamman, kuma ina roƙon mai karatu kada ya tsallake wannan wuri. Ƙodar da jini ke shigarta da ƙyar tana dogara ne da anjiyotensin ɗin nan wajen riƙe ƙarfin tacewa. Idan gefe ɗaya ne ya tsuke, ɗayar ƙodar takan ɗauki nauyin, ba a ganin wata illa. Idan kuwa duka biyun ne, ko ƙoda ɗaya ce tal, ƙwayar na iya sa tacewa ta faɗi cikin 'yan kwanaki ba tare da mutum ya ji komai a jikinsa ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake gwada sinadarin kiratinin, wanda hawansa ke nuna raguwar aikin ƙoda, da na fotasiyam a jini kafin a fara, a kuma sake gwadawa bayan mako ɗaya zuwa biyu. Ƙaramin hawa ba abin tsoro ba ne, amma idan kiratinin ya ƙaru da fiye da kashi 30 cikin 100, akan dakatar da ƙwayar a sake lissafi. Wanda zai sayi lisinopril a kemis ya yi ta sha wata da watanni ba tare da wannan gwaji ba yana wasa da ƙodarsa.

Haka kuma duk ranar da gudawa ko amai suka kama mutum, ko zazzaɓi ya hana shi ci da sha, ya kamata ya tuntuɓi likita a kan dakatar da waɗannan ƙwayoyi da na fitsari har ya farfaɗo, domin bushewar jiki tare da su kan durƙusar da ƙoda. Mai niyyar azumin Ramadan, musamman idan ya faɗo a tsakiyar bazara, ya je wurin likitansa tun cikin watan Sha'aban a tsara masa lokutan shan magani, a kuma gaya masa gaskiya idan ƙodarsa ba za ta iya ɗauka ba. Mace mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta shan lisinopril ko losartan da ire-irensu ko kaɗan, saboda suna lalata ƙodar ɗan tayi. Wasu kuma lisinopril kan sa su busasshen tari, sai a mayar da su kan losartan, amma kumburin leɓe ko harshe bayan shan ƙwayar lamari ne na gaggawa da ke buƙatar asibiti nan take.

Gyaran rayuwa ba ƙari ba ne a kan magani, wani ɓangare ne na maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma a lissafin har da ɗanɗanon dunƙule da ake marmasawa a miya, da kanwar da ake jefawa a wake da ɗanwake, da yajin tsire da na kilishi. Taba kuwa barinta ya zama dole. Sannan akwai ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda manoma da direbobi da 'yan dako ke sha kamar gyaɗa bayan wahalar yini, alhali suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma idan suka haɗu da lisinopril da ƙwayar fitsari a jiki ɗaya illar takan ninka.

Ta fuskar kuɗi, wannan ita ce hanya mafi sauƙi a kowane wata, tunda dukkan ƙwayoyin nan tsofaffi ne da kamfanoni da yawa ke sarrafawa, ana samun su a kusan kowane gari. Nauyinta shi ne ba ta ƙarewa, ga kuɗin gwajin jini lokaci zuwa lokaci, kuma amfaninta na tsayawa ne ranar da aka daina sha. Ba ta buɗe jijiyar, kuma a wasu mutane tsukewar kan ci gaba a hankali, don haka akan riƙa bibiyar girman ƙodar da hoton sikanin.

Zaɓi na biyu: buɗe jijiya ta bututu

A wannan aiki ba a tsaga ciki. Akan kashe zafin wuri ɗaya a gindin cinya ko a hannu, a zura siririn bututu cikin jijiya, a bi da shi har bakin jijiyar ƙoda ana kallo a allon na'ura, sannan a hura wata 'yar balan-balan a daidai tsukewar ta buɗe ta. Idan akwai buƙata, sai a bar wata 'yar ragar ƙarfe mai siffar bututu, wadda ake kira siten, ta tokare bangon kada ya koma. Majinyaci yana farke a duk tsawon aikin, yakan kwanta a miƙe na wasu sa'o'i don kada wurin hudar ya yi jini, kuma galibi washegari ake sallamarsa. Andreas Gruentzig, likitan nan Bajamushe da ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurich, ya bayar da rahoton yin irin wannan aiki a jijiyar ƙoda a 1978.

Wannan zaɓi ɗaya ne a suna, amma sakamakonsa ya rabu gida biyu gwargwadon irin ciwon.

Ga mai FMD, balan-balan kaɗai ba tare da ƙarfe ba ita ce hanyar da aka fi zaɓa, kuma a nan ne ake iya maganar warkewa ta gaskiya. Ƙodarta yawanci lafiyayya ce, sauran jijiyoyinta ba su yi tauri ba, matsalar ita ce 'yan tantanin da suka gitta cikin jijiyar, waɗanda balan-balan ke yagawa. Wani nazari da ya tattara sakamakon bincike masu yawa a 2010 ya nuna cewa tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa kusan rabin waɗanda aka yi wa aikin jininsu ya daidaita har suka bar shan magani, wasu da dama kuma suka rage yawan ƙwayoyin da suke sha. Damar warkewa ta fi yawa ga mai ƙarancin shekaru da wadda ciwon bai daɗe a jikinta ba. Saboda haka idan aka ga budurwa ko matar aure 'yar shekara 25 da hawan jini mai tsanani, bai kamata a ɗora laifin a kan tunani ko matsalar gidan miji a sallame ta da ƙwaya ba, ya kamata a bincika jijiyoyin ƙodarta. Tsukewar kan iya dawowa, amma ana iya maimaita aikin. Ana kuma so wadda aka samu da FMD a ɗauki hoton jijiyoyinta tun daga kai har ƙugu ko da sau ɗaya ne, domin cutar kan taɓa jijiyoyin wuya da na ƙwaƙwalwa.

Ga dattijon da kitse ya toshe wa bakin jijiya kuwa, labarin ya sha bamban, kuma likitoci da kansu sun daɗe kafin su yarda da hakan. Balan-balan kaɗai ba ta riƙe irin wannan tsukewa, tana komawa, don haka sai da ƙarfe. Shekaru da dama an yi ta sa ƙarfen nan a Amurka da Turai bisa tunanin cewa jijiyar da aka buɗe dole ta fi wadda aka bari a tsuke. Da aka zo gwadawa da idon basira, sai abin ya ba da mamaki. A binciken ASTRAL, wanda aka gudanar galibi a Birtaniya aka wallafa a 2009, an raba majinyata 806 gida biyu, wasu magani kaɗai, wasu magani da buɗe jijiya, kuma ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a aikin ƙoda, ko hawan jini, ko yawan mace-mace. A ɗaya gefen kuma mutum 23 sun gamu da munanan illoli sakamakon aikin, biyu sun rasu, uku an yanke musu yatsun ƙafa ko gaɓa. Binciken CORAL da ya biyo baya, mai majinyata 947, wanda aka wallafa a farkon 2014, ya bi mutanen na tsawon kusan shekara uku da rabi. Kashi 35.1 cikin 100 na waɗanda aka sa wa ƙarfe sun gamu da mutuwa ko bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko taɓarɓarewar ƙoda da makamantansu, a ɓangaren masu magani kaɗai kuma kashi 35.8. Ribar da aka samu a ma'aunin jini kimanin maki biyu ce kacal.

Dalilin bai da wuyar fahimta. Mutumin da ya shekara ashirin da hawan jini da ciwon suga, ƙananan jijiyoyin cikin ƙodarsa sun riga sun lalace, manyan jijiyoyin jikinsa sun yi tauri. Lamarin kamar manomin da ya yashe babbar magudanar ruwa ne zuwa gonar da ƙananan kwalbatocinta duk sun cushe, ruwan zai iso bakin gona amma ba zai kai ga shuka ba.

Duk da haka bai dace a fahimci waɗannan bincike a matsayin rufe ƙofa ba, domin suna da gibi sananne. A ASTRAL, majinyatan da aka shigar su ne waɗanda likitocinsu ke kokwanton ko aikin zai amfane su, wanda kuwa likita ya tabbatar yana buƙatar aikin ba a sa shi cikin gwajin ba. Da yawa daga cikin mahalarta binciken biyu tsukewarsu matsakaiciya ce. Wannan ya sa har yanzu ana sa ƙarfe ga rukuni na musamman masu tsukewa mai tsanani. Akwai wanda ruwa ke cika masa huhu farat ɗaya, ya farka tsakar dare numfashi na sarƙewa, a kai shi asibiti a zuƙe ruwan, bayan 'yan makonni abin ya dawo alhali zuciyarsa na bugawa da ƙarfinta, yanayin da wani likita, Thomas Pickering, ya bayyana a 1988 a masu tsukewar gefe biyu. Akwai wanda aikin ƙodarsa ke zubewa cikin watanni kaɗan kuma ƙodar ba ta motse ba tukuna. Akwai wanda jininsa ya ƙi sauka duk da ƙwayoyi uku ko huɗu a cikakken awo, bayan an tabbatar yana shan su da gaske. Sai kuma wanda ba ya iya ɗaukar lisinopril ko losartan saboda ƙodarsa na durƙushewa, alhali zuciyarsa na buƙatarsu.

Haɗarin aikin ya haɗa da taruwar jini a wurin huda, da tsagewar bangon jijiya, da illar ruwan rinin da ake ɗurawa don jijiya ta fito a hoto, wanda kan wahalar da ƙoda mai rauni. Mafi muni shi ne ɓarɓashin kitse da bututu ke iya kankarowa daga bangon babbar jijiya, ya bi jini ya toshe ƙananan hanyoyin ƙoda ko na yatsun ƙafa, ɓarnar da ba ta da gyara. A nan ne garin neman gira ake rasa ido. Bayan aiki ana shan asfirin da clopidogrel na wani lokaci don kada jini ya daskare a kan ƙarfen, kuma a cikin kowane mutum goma, ɗaya zuwa biyu ƙarfen kan sake tsukewa daga ciki. Kuɗinsa kuwa dunƙule ne mai nauyi da ake biya lokaci guda, wanda ya ninka kuɗin ƙwayoyin shekaru, ga shi na'urar da ƙwararrun da ke aikin a 'yan manyan cibiyoyi kaɗai ake samun su, don haka sai an haɗa da kuɗin tafiya da masauki da na dawowa bibiya.

Zaɓi na uku: tiyata

Kafin zuwan bututu, tiyata ce kaɗai hanyar gyara, yanzu kuwa ta koma ta 'yan kaɗan. Likita kan buɗe ciki ya yi wa jini sabuwar hanya da za ta zagaye tsukewar, da jijiyar da aka ciro daga ƙafar majinyacin ko da bututun roba, daga babbar jijiya zuwa ƙoda, ko kuma daga jijiyar hanta idan ƙodar dama ce, ko ta saifa idan ta hagu ce. Wani lokaci akan tsaga jijiyar a kankare kitsen, wani lokaci kuma a ciro ƙodar a gyara rassan jijiyarta a waje sannan a dasa ta a ƙasan ciki. Gyaran tiyata ya fi na bututu ɗorewa, amma sai an sa mutum barci gaba ɗaya, ya yi kwanaki a asibiti, ya yi makonni yana jinya, kuma haɗarin rasa rai ya fi yawa, musamman ga tsoho mai ciwon zuciya. Ko a masu FMD, waɗanda yawanci jikinsu da ƙwari, nazarin nan na 2010 ya nuna manyan illoli sun kai kashi 15 cikin 100 a tiyata, a bututu kuwa kashi 6. Ita ce mafi tsada idan aka haɗa da kwanan ɗakin kulawa ta musamman. Cire ƙodar ɗungurungum ma yana cikin lissafi, amma sai idan ta motse ta daina aiki, tana ta zubo renin kawai, jinin ya gagari magani, ɗayar kuma lafiyarta ƙalau.

| Ma'auni | Ƙwayoyi | Buɗewa ta bututu | Tiyata |
|---|---|---|---|
| Kuɗi | Kaɗan a wata, amma har tsawon rai | Dunƙule mai nauyi, ƙwayoyi kan ci gaba | Mafi tsada |
| Ɗorewa | Muddin ana sha | Tsukewa kan iya dawowa, ana maimaitawa | Mafi ɗorewa |
| Sauƙin samu | Kusan kowane gari | Manyan cibiyoyi kaɗan | Ƙwararru ƙalilan |
| Jinya | Babu, sai gwajin jini | Kwana ɗaya zuwa biyu | Makonni |
| Babban haɗari | Faɗuwar aikin ƙoda, hawan fotasiyam | Zubar jini, ɓarɓashin kitse, illar rini | Illar babban aiki, rasa rai |
| Damar barin magani | Babu | Mai kyau a FMD, ƙanƙanuwa a toshewar kitse | Mai kyau a FMD, ƙanƙanuwa a toshewar kitse |

Wace hanya ta dace da wa

Dattijo ko dattijuwar da kitse ya tsuke wa jijiyar gefe ɗaya, jininsa na sauka da ƙwayoyi biyu ko uku, kiratinin ɗinsa kuma na tsaye wuri ɗaya, ƙwayoyi ne zaɓinsa, kuma ni a ganina kuɗin da za a kashe a tafiya waje ya fi amfani idan aka sayi ma'aunin jini na gida, aka tanadi maganin da ba zai yanke ba, aka kuma riƙa yin gwajin jini a kan lokaci. Haka ma wanda aka ga tsukewar a jikinsa kwatsam ana hoton wani ciwo daban, alhali jininsa da ƙodarsa ba su da matsala mai tsanani.

Matashiya mai FMD, musamman wadda hawan jinin bai daɗe da bayyana ba ko wadda ke son haihuwa kuma ba za ta iya shan lisinopril ba, ita ce ta fi kowa cancantar a nema mata aikin balan-balan, kuma jinkiri na rage mata damar warkewa. Idan cutar ta shiga ƙananan rassan jijiya, ko akwai wurin da bango ya kumbura kamar zai fashe, ko an gwada balan-balan ba ta yi ba, sai a koma ga tiyata.

Mai tsukewa mai tsanani a gefe biyu, ko a ƙoda ɗayar da yake da ita, wanda ruwa ke cika masa huhu a kai a kai ko aikin ƙodarsa ke zubewa da sauri, ya kamata likitan ƙoda da mai aikin jijiya su zauna a kansa ba tare da ɓata lokaci ba, domin shi ne wanda ƙarfe ka iya kuɓutar da shi daga wankin ƙoda. Wanda jininsa ya gagari ƙwayoyi huɗu shi ma yana cikin masu wannan dama, bayan an tabbatar cewa ba tsallake shan magani yake yi ba, ba gishiri ko ƙwayar ciwon jiki ke tayar da jinin ba, kuma ƙodar ba ta motse ba.

Mai cutar Takayasu akan fara kwantar da kumburin ne da prednisolone da magungunan da ke rage kaifin garkuwar jiki, ba a taɓa jijiyar sai cutar ta lafa, saboda gyaran da aka yi a kan bango mai kumburi yakan sake toshewa. Wanda kuma dama za a buɗe masa ciki don gyaran babbar jijiyar da ta kumbura ko ta toshe, ana iya haɗa gyaran jijiyar ƙodar a aiki ɗaya idan tsukewar ta kai a taɓa ta.